Lambun Bayan Gida Ma Makaranta Ce

Karatu: Maimaitawar Shari'a 6:4-9, Markus 4:26-29
Ayar haddacewa: 1 Korantiyawa 3:7

Gabatarwa

Da yawa daga cikinmu mazauna ƙauye muna ganin kamar an bar 'ya'yanmu a baya. Mukan dubi yaran birni da manyan makarantunsu, sai zuciya ta karaya. Amma ku lura da karatunmu na fari. Musa bai ce wa Isra'ilawa su jira sai an gina aji ba. Lokuta huɗu ya ambata na koya wa yara maganar Allah: lokacin zama a gida, da lokacin tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da lokacin tashi. Mako ɗaya sa'o'i 168 ne, Makarantar Lahadi kuwa ba ta wuce sa'a ɗaya ko biyu. Sauran duk a hannunku suke. Ku da kuke wuni da yaranku tsakanin gida da gona da rijiya, Allah ya ba ku abin da ma'aikacin birni yake nema bai samu ba, wato lokaci.

1. Ku yanka wa yaro nasa wuri

Kafin zunubi ya shigo duniya, Allah ya sa mutum a gonar Aidan domin ya noma ta, ya kuma kiyaye ta (Farawa 2:15). Ashe aikin ƙasa ba la'ana ba ne. Yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ya isa a ba shi ɗan wuri a bayan gida, ko da taku uku ne, a ce masa, "Wannan naka ne."

Ku zaɓa masa abin da ba ya daɗewa. Wake yakan tsiro cikin 'yan kwanaki. Alayyafo yakan isa yanka cikin kamar wata ɗaya, kuɓewa kuma takan fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu. Ku nuna masa yadda ake ban ruwa da safe ko da yamma, lokacin da rana ba ta da zafi.

Kada ku yi mamaki idan washegari kuka same shi yana tone irin don ya ga ko ya tsiro. A nan ne darasi yake. Ku zaunar da shi ku ba shi misalin da Yesu ya bayar a Markus 4: mutum ya yafa iri, yana kwana yana tashi, irin yana girma ba tare da ya san yadda aka yi ba. Ganye ne yake fara fitowa, sa'an nan kai, daga baya ƙwaya. Yaron da ya jira kuɓewarsa wata biyu zai gane ku ranar da kuka ce masa mun yi addu'a, yanzu sai mu jira Ubangiji.

2. Ku kula da irin takin da kuke zubawa

Kowane manomi ya san kashin kaji taki ne mai ƙarfi, amma in an zuba shi ɗanye a gindin ƙaramar shuka, ƙone ta yake yi. Sai an bar shi ya ruɓe tukuna. Haka tsawatarwa take. Yaro zai tuge yakuwa yana tsammani ciyawa ce, zai kuma zubar da ruwan da aka sha wuyar ɗebowa. In duk ranar da ya bi ku gona zagi da duka yake samu, zai tashi yana ƙin gona, yana ƙin gida, wataƙila har da Allahn da kuke kira da bakin da kuka zage shi. Manzo Bulus ya gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai (Kolosiyawa 3:21). Ku bar fushi ya huce kafin ku yi gyara. Aikin ma ku auna shi daidai ƙarfin yaro, kada kuma gona ta hana shi zuwa makaranta.

3. Ku nuna masa ƙuduji

Idan kun je gonar dawa ko ta gero, ku nuna wa yara ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Furensa kyakkyawa ne, amma tun yana ƙarƙashin ƙasa yake manne wa saiwar dawa yana tsotse ta. Kafin ido ya gan shi ya riga ya yi ɓarna. In kuma aka bar shi ya zubar da 'ya'ya, irinsa yakan yi shekaru a cikin ƙasa yana jira. Shi ya sa ake tuge shi kafin ya yi iri. Ku tuge ɗaya tare, ku gaya musu haka ƙarya da 'yar ƙaramar sata suke fara aiki a ɓoye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. Tafiya ma wa'azi ce

Ubangijinmu ya yi koyarwa da tsuntsaye da furannin jeji (Matiyu 6:26-30), Karin Magana 6:6-8 kuma ta aika rago wurin tururuwa ya koyi hikima. Ranar Lahadi da yamma ku ɗauki yara ku zaga gindin dutse ko bakin fadama. Ku rage sauri, ku bar su su yi tambaya. Ku koya musu sunayen itatuwa: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka. Ku riƙe musu ruwan sha daga gida, ku sa musu takalma saboda ƙaya da maciji, kada kuma ku bar su su yi wanka a kududdufi, domin a irin wannan ruwa ake kamuwa da tsargiya.

Kammalawa

Ranar da yaro ya tsinko kuɓewarsa ta fari, ku yi godiya tare, ku ware ta baiko, ku aike shi ya kai wa wata gwauruwa kaɗan, sauran a yi miya kowa ya ci. Ku ne masu shuki da ban ruwa, amma Allah ne mai sa girma. Shekarun da yaro yake bin ku a baya yana tambaya ba su da yawa. Kada wannan damina ta wuce ba ku shuka kome a zuciyarsa ba.

Tambayoyi

1. Cikin lokuta huɗun da Musa ya ambata, wanne kuka fi sakaci da shi?
2. Wace magana yaranku suka fi ji daga bakinku a gona?

Abin yi a wannan mako

Ku ba kowane yaro ɗan wuri da iri, ku yi addu'a tare da shi ranar shuki.

Addu'a

Ya Uba, mun gode maka domin 'ya'yanmu da ƙasar da ka ba mu. Ka cika mu da Ruhu Mai Tsarki, ka ba mu haƙuri da harshe mai taushi. Ka tuge kowane ƙuduji daga gidanmu, ka sa irin maganarka ya yi girma cikin 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu. Amin.