British Shorthair: Kyanwar Titi da Ta Zama 'Yar Gata

'Yan uwana ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan kyanwa ne, kuma kada ku yi dariya. Na zaɓi British Shorthair, wato mai gajeren gashi ta Birtaniya, domin tarihinta ya fi zanen allo fayyace yadda gadon halitta yake aiki.

Mu fara da kamanni. Jikinta a murje yake, ga faɗin ƙirji, ga gajerun ƙafafu masu kauri, kai a mulmule, kumatu a cike. Gashin gajere ne amma cunkus, kamar ka shafa darduma. Wadda aka fi sani ita ce mai launin toka da idanu ruwan lemo. Muzuru kan kai kilo 4 zuwa 8, kuma sai ya yi wajen shekara 3 kafin ya gama girma.

Hali kuwa, kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Ba ta da yawan kuka, ba ta son a yi ta ɗaukarta. Ta fi son ta kwanta kusa da kai, kowa ya ji da harkarsa. Wannan son kwanciya ne ke jawo mata ƙiba.

Asalinta magen titi ce da ke kamun ɓera a gonaki da rumbunan Ingila. A 1871 wani mai zane, Harrison Weir, ya shirya baje kolin kyanwoyi a Crystal Palace da ke Landan. Masu kiwo suka shiga zaɓen mafi kyau suna haɗa su, suna rubuta wa ya haifi wa. Yaƙin duniya na ɗaya da na biyu suka kusa ƙarar da irin, sai aka yi masa barbara da kyanwar Farisa mai dogon gashi don a ceto shi.

To, a nan darasin yake. Ƙwayar gadon dogon gashi mai ɓuya ce. Idan uwa da uba masu gajeren gashi duk suna ɗauke da ita, kowane ɗa yana da damar 1 cikin 4 ya fito da dogon gashi. Ba ita kaɗai ta biyo wannan auren ba: ciwon da ke sa ƙoda ta yi ƙulle-ƙullen ruwa, wanda aka san kyanwar Farisa da shi, ya shigo wannan iri. Shi kuwa daga uwa ko uba kaɗai ma yana kama ɗa.

Saboda haka, in ka ga hotonta a Instagram ranka ya biya, tambayi mai sayarwa ko likitan dabbobi ya duba ƙodar iyayenta. Ka kuma tuna cewa gashin nan na ƙasar sanyi ne, zafin bazararmu zai wahalar da ita. Ku da za ku yi kiwon awaki ko kaji bayan kammala karatu, dokar ɗaya ce: ka san zuriyar dabba kafin ka haɗa ta da wata.