Kalmar "Miscreant": Asalinta da Yadda Ake Amfani da Ita

Duk mai karanta jaridun Turanci a Keffi, ko malamin makaranta ne ko ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa, ya sha cin karo da kalmar "miscreant". A duk lokacin da aka fasa shaguna ko aka tare hanya, da ita 'yan sanda da 'yan jarida suke kiran waɗanda suka aikata. An ji ta sosai a bakin hukumomi lokacin zanga-zangar EndSARS ta watan Oktoba 2020. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce ɓata-gari.

Amma da farko ba wannan ce ma'anarta ba. Daga tsohon Faransanci ta shiga Turanci, bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. Gaɓa biyu ne aka haɗa: "mes", wato ba daidai ba, da "creant", wato mai ba da gaskiya. Gaɓa ta biyu tushenta ɗaya da "credo" na Latin, kalmar da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni take farawa da ita. Ashe dai asalin ma'anarta shi ne mai karkatacciyar bangaskiya, kuma Turawan zamanin yaƙe-yaƙen Kudus da ita suke kiran Musulmi. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta koma nufin mugun mutum kawai, ko da wane addini yake bi. A gari irin Keffi, inda Kirista da Musulmi suke cin kasuwa ɗaya, yana da kyau a san wannan tarihi, ko da yake yau babu mai nufin addini da ita.

Nauyinta ne ya kamata iyaye su lura da shi. Mai laifi an san abin da ya yi. Wanda ake tuhuma yana jiran shari'a. Ita kuwa wannan kalma halin mutum ɗungum take yanke wa hukunci, ba ta bukatar shaida, shi ya sa ta yi wa masu rubuta sanarwa daɗin baki. Gargaɗin Matiyu 5:22 game da zagin ɗan'uwa ya shafe ta.

Yaron da ya fasa kwano ko ya ƙi aike bai kai a kira shi haka ba. A Turanci "naughty" ta ishe shi, a Hausa kuma a ce ya yi ƙiriniya ko rashin ji.