Samar da Irin Albasa a Yankin Bobi

Irin albasa ba ya daɗewa. Idan ya shekara a ajiye cikin zafi, mafi yawansa ba zai tsira ba, kuma manomin da ya saya a kasuwa ba zai gane haka ba sai bayan ya yafa ya yi ta jira. Saboda haka ya fi maka alheri ka samar da naka.

Abin da za ka fara sani shi ne, albasa ba ta yin fure sai ta sha sanyi. Haka wasu tsirrai masu kai irin na albasa suke. Akwai wani shuɗin furen ado mai suna muskari, ɗan asalin yankin Turkiyya, wanda sai ya yi makonni cikin tsananin sanyi kafin ya fito da fure, shi ya sa ba ya yi a ƙasarmu. Albasarmu kuwa sanyin hunturu ya ishe ta. Sai dai hunturun Bobi da Kontagora bai kai na Aliero ko Sakkwato tsawo ba. Wanda ya makara, lawashi kawai zai samu.

Ka shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, domin sanyin Disamba da Janairu ya tarar da shukar ta yi ƙarfi. Zaɓi kawunan albasa matsakaita, masu faɗin sentimita 4 zuwa 6, masu tauri da launi ɗaya. Ka ware duk wanda ya ruɓe ko ya rabu biyu, domin iri yana gadon halin uwarsa. Wasu manoma kan sayar da masu kyau su bar ragowar kasuwa don iri. Wannan kuskure ne babba.

A zuba ruɓaɓɓen takin shanu, wanda ba ya wuyar samu a Bobi, sannan a binne kowane kai da tazarar sentimita 30. A yi ban ruwa a kai a kai, amma kada ruwa ya kwanta a fangali. A kewaye gonar da shinge saboda dabbobin makiyaya.

Idan fure ya buɗe, ƙudan zuma da sauran ƙudaje ne ke haɗa barbara. Kada ka yi feshin maganin ƙwari da rana a wannan lokaci. In ya zama dole, ka tuntuɓi malamin gona, a yi da yamma lis. Haka nan gonar irin jar albasa ta yi nesa sosai da ta fara, don kada su gauraya.

Da zarar ƙwansunan farko sun fashe ka ga baƙin iri, yanke kawunan furen tare da ɗan kara. Ba tare suke nuna ba, don haka za ka zagaya sau biyu ko uku. Shanya a kan tabarma inda iska ke shiga, ka murje, ka sheƙe, ka zuba a gwangwani mai murfi a ɗaki mai sanyi. Rubuta watan girbi a jikinsa, kuma ka yafa shi a ranin da ke tafe.