Yadda 30 da 45 Suka Zama 3045

A makon jiya mu 'yan aji biyu mun gwada rubuta ɗan shirin tara maki a ɗakin kwamfuta. Wani ɗan ajinmu mutumin Gwaram ya shigar da makinsa: gwaji 30, jarrabawa 45. Maimakon 75, sai ga 3045 a fuskar kwamfuta! Aka fashe da dariya, wasu suka ce ya fi kowa ƙoƙari a duk Birnin Kudu.

Malam ya ce kwamfutar lafiyarta lau, laifin namu ne. Harshen da muka yi aiki da shi sunansa JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a Amurka a 1995. A wurinsa, 30 lamba ce, amma "30" mai alamar zance rubutu ne kamar "gyaɗa". Duk abin da mutum ya buga a akwatin tambaya kuwa, a matsayin rubutu yake shigowa.

To, alamar + aiki biyu gare ta. Idan ta sami lambobi sai ta tara, idan ta sami rubutu sai ta liƙa su. Shi ya sa "30" + "45" ya ba da 3045. Amma alamar ɗebewa ba ta san liƙi ba, don haka harshen da kansa yake mai da rubutun lamba ba tare da ya tambaye mu ba: "45" - "30" ya ba da 15 daidai.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne kwatanci. Idan duka rubutu ne, harafin farko ake fara dubawa, sai "9" ya fi "80" girma. Ke nan mai maki 9 zai iya zuwa na ɗaya, mai 80 ya koma gida da kuka.

Maganinsa shi ne mu juya da kanmu kafin lissafi. Da muka rubuta Number("30") + Number("45"), sai 75 ta fito. Sai dai kada a juya lambar waya, domin "0803" zai koma 803, sifilin farko ya ɓace.

Kafin mu tara komai, mu fara tambaya: wannan lamba ce ko rubutu? Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.