HAƘƘIN ABOKIN KARATU BA YA ƘAREWA DA KARƁAR DIGIRI

Darasinmu na wannan mako a kan abota ne, irin wadda aka ƙulla saboda Allah a wurin neman ilmi, da abin da ya rataya a wuyan masu ita bayan an watse.

Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, Samaru ta zama mahaɗar samarin da da ba don karatu ba, da wuya su san juna. Babarbare daga Borno, Banufe daga Bida, Bayarabe daga Ilori da Bakatsine, sai ga su ɗaki ɗaya a gidan kwanan Suleiman ko Ribadu ko Danfodio, 'yan'uwa mata kuma a gidan Amina. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Ikko a 1954, ita ta riƙa tara su wuri guda. Tambayi duk wanda ya zauna Samaru a shekarun 1970, za ka ji abin da ya fi tunawa shi ne wanda ke ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba, da buɗa-baki a kwano ɗaya, da wanda ya ranta masa kuɗin mota zuwa Sabon Gari ranar da aljihu ya bushe. Laccar da ya sha wahala a kanta kuwa, wataƙila ko sunanta ya manta.

Wannan ba ƙaramin rabo ba ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa cikin mutum bakwai da Allah zai sa a inuwarSa ranar Alƙiyama akwai saurayin da ya tashi cikin bauta, akwai kuma mutum biyu da suka so juna saboda Allah, suka haɗu a kan haka, suka rabu a kan haka. To, a lura da sharaɗin ƙarshen nan, domin a nan gizo ke saƙar. Haɗuwa tana da sauƙi lokacin da kowa ɗalibi ne, abinci ɗaya, talauci ɗaya. Jarrabawa sai bayan an fita, wani ya zama babban sakatare, wani yana koyarwa a ƙauye har ya yi ritaya.

Ba muƙami kaɗai ya raba ba. Daga muhawarar Shari'a ta 1977 zuwa 1978, da kafa Izala a Jos a 1978, da juyin Iran na 1979, saɓanin fahimta ya shiga tsakanin ɗalibai, har waɗanda suka yi sahu ɗaya suka daina gaisawa. Ba mu zo raba gardama a nan ba. Amma hadisin Abu Ayyub al-Ansari ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma nuna mafificinsu shi ne mai fara sallama. Malamai sun yi magana a kan ƙaurar da ake yi don gyara, sai dai ƙaurar shekara arba'in wane gyara ta kawo?

Yanzu yawancin mutanen wancan zamani sun manyanta, ba su cika haɗuwa ba sai wurin jana'iza, a yi ta tuna baya, a watse. Haƙƙin ya fi haka: a duba shi in ya kwanta, a yi masa addu'a a bayan idonsa, in ya rasu a leƙa iyalinsa a ga halin da marayu ke ciki.

Abin ma har ya shafi 'ya'ya. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya gamu da wani Balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa. Abokan tafiya suka ce ai mutanen ƙauye kaɗan ma ya ishe su. Ya amsa musu cewa uban mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sa sada zumunci da masoyan uba cikin mafificin biyayya ga iyaye.