Yadda Ake Amfani da Littattafan Tuntuɓa a Nazarin Adabin Ingilishi

Ɗalibin da ya fito daga Sabon Birni ko Isa, aka ɗora masa aikin bincike a kan adabin da aka rubuta da Ingilishi, yakan samu abin da yake bukata ne a Sakkwato, musamman a ɗakin karatu na Abdullahi Fodiyo da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma tun da matsalar tsaro ta sa ba kullum ake bin hanyar ba, wajibi ne ya tsara abin da zai nema kafin ya hau mota. Abin da zai nema shi ne littattafan tuntuɓa, wato waɗanda ba a karanta su daga bango zuwa bango, sai dai a buɗe a ɗauki bayani ko a gano inda bayanin yake.

Matakin farko shi ne tantance kalmomin fannu, wato keɓaɓɓun kalmomin da masana adabi ke aiki da su, kuma littafin M. H. Abrams mai suna A Glossary of Literary Terms, wanda ya fara fitowa a 1957, ya wadatar a nan. Daga nan sai a nemi tarihin marubuci da taƙaitaccen bayanin ayyukansa a The Oxford Companion to English Literature, wanda Paul Harvey ya fara tsarawa a 1932, Dinah Birch kuma ta shirya bugu na bakwai a 2009. Littafin yana gamsarwa a kan Shakespeare ko Dickens, amma ƙarfinsa na Ingila ne, don haka mai nazarin marubutan Afirka, kamar Zaynab Alkali da ta wallafa The Stillborn a 1984, gara ya fara da Encyclopedia of African Literature da Simon Gikandi ya shirya a 2003.

Mataki na uku shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ne ƙashin bayan aikin, wato duba kundin manazarta, littafin da ba ya sharhi da kansa sai jera abin da wasu suka rubuta, da sunan mujalla da shekara da shafi. Bernth Lindfors ya fitar da Black African Literature in English a 1979, ya ci gaba da ƙara masa juzu'i bayan juzu'i, shi kuwa MLA International Bibliography ya game adabin duniya, sai dai ana shigarsa ne ta ɗakin karatun da ya biya kuɗin rajista. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan rubuta cewa ba a taɓa nazarin littafin da ya zaɓa ba, ikirarin da malamin da ke duba aikin kan rushe cikin sauƙi.

Bayan an tara sunayen maƙalu sai a bi sawunsu a mujallu irin su African Literature Today da aka kafa a 1968 da Research in African Literatures na 1970, ko a rumbunan intanet na JSTOR da AJOL, a sauke duk abin da aka samu a waya tun ana birni, domin a 2021 an taɓa katse layukan sadarwa a Sabon Birni da Isa gaba ɗaya.

Akwai kuma rubutun matafiya, wanda shi ma reshe ne na adabin Ingilishi, kuma ya shafi ƙasar Gobir kai tsaye. Hugh Clapperton ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya dawo a 1826 ya ga harin da rundunar Bello ta kai wa Gobirawa a Konya, ya rasu a 1827, aka buga littafin tafiyarsa ta biyu a 1829. Mai neman Sakkwato ko Konya a fihirisa, wato jerin sunayen da ke ƙarshen littafi, dole ya gwada tsohon rubutu irin su Soccatoo da Coonia, kuma ya fi aminci ya dogara da bugun da Jamie Bruce Lockhart da Paul Lovejoy suka tace a 2005.

Duk bayanin da aka ɗauka a rubuta tare da shi sunan marubuci da shekara da maɗaba'a da lambar shafi nan take, bisa tsarin MLA ko APA, gwargwadon wanda sashen da ɗalibin yake karatu ya amince da shi.