DARASI NA SHA BIYU: BIRNIN KEBBI

Sarkin Gwandu ba a Gwandu yake zaune ba, a Birnin Kebbi yake. Sarkin Kabi kuwa yana Argungu. Yaya aka yi haka? To, ku saurara mu ji.

Birnin Kebbi yana kan tudu a bakin Gulbin Kabi. Wannan gulbi shi ne ya biyo ta Sakkwato da Argungu, ya gangara kudu ya faɗa Kwara. A fadamarsa muke noman shinkafa, a cikinsa masunta suke su.

Garin na Kabawa ne tun asali. Kanta, babban sarkinsu, a Surame ya zauna. Bayansa da daɗewa, wajen shekarar 1700, sarakunan Kabi suka bar Surame suka dawo Birnin Kebbi.

A 1805, lokacin jihadi, Malam Abdullahi, ƙanen Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zo da rundunar Shehu suka ci garin. Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. A wannan shekara kuma Shehu ya zo ya zauna a Gwandu. Da Shehu ya raba ƙasa, sai ya ba Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Gwandu ta zama babban gari, ana zuwa gaisuwa tun daga Nupe da Ilori. Kabawa kuwa ba su sallama ba. Suka kafa sarautarsu a Argungu, aka yi ta yaƙi tsakaninsu da Gwandu shekara da shekaru. Manomi ba ya iya nisa da ganuwa.

Turawa suka zo a 1903. A 1906, bayan yaƙin Satiru, suka tuɓe Sarkin Gwandu, suka naɗa Haliru, aka mai da gidan sarauta Birnin Kebbi. Sarki ya tashi, amma sunan sarauta bai tashi ba. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Gwandu. Kabarin Malam Abdullahi yana nan Gwandu, mutane suna ziyara.

Mutanen Kalgo, ga naku. Hakiminku Sarkin Gobir ake kiransa, kuma ba ƙaramar sarauta ba ce. Yahaya ya riƙe ta kafin ya zama Sarkin Gwandu a 1938. Haruna ma daga Kalgo aka ɗauko shi a 1954, ya yi sarauta har 1995.

A zamanin En'e ƙasarmu tana cikin Lardin Sakkwato. A 1967 ta shiga Jihar Arewa Maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato. Mai babbar magana da gwamnati sai ya kama hanyar Sakkwato. Ran 27 ga Agusta, 1991, aka yi Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ya zama hedkwatarta. Jihar tana da ƙananan hukumomi 21, da masarautu huɗu: Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru.

Kada mu rikita abu biyu. Gwandu ƙaramar hukuma ce, Kalgo ma haka, kowace da shugabanta. Amma duka biyu suna cikin masarautar Gwandu. In aka miƙo muku takarda a ofis, ku duba da kyau ko masarauta aka tambaya ko ƙaramar hukuma, kafin ku rubuta.

TAMBAYOYI
1. Wa ya ci Birnin Kebbi a 1805?
2. Ina Sarkin Kabi yake zaune?
3. Rubuta sunan garinku, da ƙaramar hukumarku, da masarautarku.